Mai Kujerar Naƙi: Nazari a Kan Ra'ayoyin Gary Johnson

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2016, a wani babban zauren taro da ke birnin Orlando na jihar Fulorida, 'yan wata ƙaramar jam'iyyar Amurka da ake kira Libateriyan suka hallara domin tsayar da wanda zai yi musu takarar shugabancin ƙasa. Kuma da yake al'adarsu ce su jera masu neman tuta a kan dandamali su yi musu tambayoyi a bainar jama'a, sai mai gabatarwa ya jefo wata mas'ala wadda, in da a wani majalisi ne, babu wanda zai ɓata yawunsa a kanta: shin ya halatta hukuma ta wajabta wa mutum mallakar lasin kafin ya tuƙa mota? Abokan takara suka yi ta kushe abin, zaure yana ɗaukar tafi, har magana ta iso kan wani siririn mutum mai furfura, wanda ya ce shi kam yana so a ga alamar mutum ya iya tuƙi kafin a sake shi a kan titi. Nan take aka yi masa ihu. Da aka sake tambayarsa ko da shi ne shugaba a 1964 zai sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa baƙaƙen fata wariya a otal da kanti da wurin aiki, ya ce zai sa, wani sashe na zauren ya sake yi masa ihu, domin a wurin masu tsananta wa wannan aƙida, mai kanti yana da ikon korar wanda ya ga dama daga kantinsa. Duk da haka, da aka kaɗa ƙuri'a zagaye na biyu, shi ɗin aka ba tuta.

Sunan mutumin Gary Johnson, kuma ina ganin ya cancanci a zauna a yi nazarin ra'ayoyinsa a natse, ba domin ya taɓa kusantar fadar shugaban Amurka ba, sai domin yana cikin 'yan ƙalilan masu wannan mazhaba ta siyasa da suka taɓa riƙe mulki da hannunsu, suka ɗanɗana bambancin da ke tsakanin abin da aka rubuta a littafi da abin da ake tararwa a ofis. Asalin mazhabar, in aka taƙaita ta, shi ne cewa mutum baligi mai hankali shi ya fi kowa sanin maslahar kansa, saboda haka a sakar masa mara a dukiyarsa da sana'arsa da zirga-zirgarsa muddin bai cuci wani ba, hukuma kuwa ta tsaya a kan tsaron rai da dukiya da raba gardama a kotu. An kafa jam'iyyar a 1971, kuma a cikinta akwai masu ghuluwwi, waɗanda suke ɗaukar kowane haraji a matsayin ƙwace, akwai kuma masu sassauci. Johnson yana cikin kashi na biyu, kuma hukuncin da na yanke bayan na bibiyi maganganunsa shi ne, wuraren da ya kauce wa tsantsar aƙidar tasa har aka yi masa ihu, su ne wuraren da ya fi kusa da gaskiya, wuraren da ya ji tsoron ihun ya ja da baya kuwa, nan ne rauninsa ya bayyana.

An haife shi a 1953, ya yi karatu a jami'ar jihar Niyu Meziko, kuma tun yana ɗalibi yake bin gida-gida a birnin Albuquerque yana 'yan gyare-gyare domin ya biya kuɗin makaranta. Daga wannan ya kafa kamfanin gine-gine a 1976, wanda ya bunƙasa har ma'aikatansa suka haura dubu. A 1994, ba tare da ya taɓa riƙe ko kujerar kansila ba, ya tsaya takarar gwamna a ƙarƙashin jam'iyyar Rifablikan ya kayar da gwamna mai ci, Bruce King, ya kuma yi mulki zango biyu, daga 1995 zuwa farkon 2003, a jihar da majalisarta take hannun 'yan Dimokurat. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan zamani shi ne hawa kujerar naƙi: ƙudurorin da majalisa ta aiko masa ya ƙi sa musu hannu sun haura 700, har ya zama laƙabinsa. Tambayarsa ga kowane ƙuduri ɗaya ce, tambayar ɗan kwangila mai lissafin siminti da ƙarfe: nawa zai ci, wa zai biya, kuma me za a samu?

Da wannan tambaya ya tunkari mas'alar yaƙi, kuma a nan ne nake ganin hujjarsa ta fi ƙarfi. Ya ƙi mamayar Iraƙi ta 2003 tun daga farko. Ya yarda da farmakin farko da aka kai Afganistan bayan harin 11 ga Satumba na 2001, bisa dalilin cewa waɗanda suka kai harin suna can, amma ya ce bayan an tarwatsa su ba sauran abin da ya halatta zaman sojan Amurka shekara da shekaru ana ƙoƙarin gina wa wata al'umma daula da bakin bindiga. Ya kuma ƙi jefa bama-bamai a Libiya a 2011. Hujjar tasa hawa biyu ce. Ta farko ta tsarin mulki ce: kundin Amurka ya ba majalisar dokoki, ba shugaba ba, ikon ayyana yaƙi, amma rabon da majalisar ta yi hakan a ƙa'idance tun 1942, kuma izinin amfani da ƙarfi da ta bayar a gurguje a Satumban 2001 ya zama wata babbar riga wadda kowane shugaba yake shiga ya yi yaƙi a ƙasashen da masu kaɗa ƙuri'ar ba su ma taɓa ambata ba. Ta biyu ta hankali ce: wanda ya rushe hukuma a ƙasar da bai san ƙabilunta da gabarta da tarihinta ba, ba shi da iko a kan abin da zai tsiro a kangon.

Mu da muke zaune a kudancin Sahara ba ma bukatar wani ya fassara mana wannan hujja ta biyu, domin a jikinmu aka rubuta sharhinta. An kashe Gaddafi a Oktoban 2011, rumbunan makamansa suka zama ganima ga duk mai mota da ƙarfin hali, kuma ba a yi wata huɗu ba tawaye ya ɓarke a arewacin Mali. Kafin tsakiyar 2012 Kidal da Gao da Tumbutu sun fita daga hannun Bamako, wutar kuma ta yi ta ci tana gangarowa, har ta zama ƙauyukan Tillaberi da na Tawa suna kwana da ido ɗaya. Ba na cewa Libiya ce kaɗai sanadin fitinar Sahel, domin talauci da zaluncin mahukunta da tsohuwar gaba tsakanin makiyayi da manomi sun riga ta. Amma busasshiyar ciyawa daban, wanda ya yar da garwashi daban. Shi kansa Barack Obama ya faɗa a 2016 cewa rashin tanadin abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne mafi munin kuskuren mulkinsa. Sannan a Oktoban 2017, lokacin da aka yi wa sojojin Amurka da na Nijar kwanton ɓauna a Tongo Tongo aka kashe Amurkawa huɗu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar, sai ga manyan sanatoci sun fito suna cewa ba su san ƙasarsu tana da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Wakilan da aka ɗora wa amanar ayyana yaƙi ba su san inda ake yaƙin ba. Sansanin jirage marasa matuƙa da aka gina a Agadas da kuɗin da ya haura dala miliyan 100, an tattara an bar shi a 2024. In aka ɗora tambayar ɗan kwangilar a kan wannan, wato nawa ya ci, me aka samu, amsar tana da nauyi a baki.

Sai dai Johnson bai kai matsayin masu cewa ba ruwansu da kowa ba. Ya bar ƙofa a buɗe ga shiga tsakani idan ana yi wa wata al'umma kisan ƙare-dangi, har ya nuna goyon baya ga 'yan sojojin da aka tura tsakiyar Afirka farautar madugun 'yan tawaye Joseph Kony, abin da ya ɓata wa masu tsanani na jam'iyyarsa rai. Ni ina ganin ya yi daidai, domin wanda ya tuna Ruwanda ta 1994, inda aka hallaka mutum wajen 800,000 a cikin kwana ɗari duniya tana kallo, ba zai iya mayar da kamewa ta zama farilla marar togaciya ba. Amma togaciya tana bukatar ilimi, domin sai wanda ya san ƙasa da mutanenta ne zai iya bambance inda shiga zai ceci rai da inda zai ƙara wa wuta mai. Kuma a nan ne aka kama shi. Ranar 8 ga Satumban 2016, da safe, yana zaune a ɗakin watsa shirin talabijin na MSNBC, aka tambaye shi abin da zai yi game da Halab, birnin Siriya da Turawa ke kira Aleppo, wanda a lokacin gabashinsa yake kewaye, ana ruwan bama-bamai a kan asibitoci da gidajen burodi. Ya dubi mai tambayar da fuskar da ba ta ɓoye komai ba, ya tambaya mene ne Aleppo. Magoya bayansa sun ce tuntuɓen harshe ne, kuma sun ce waɗanda suka haddace sunan kowane gari a taswira su ne suka rusa Iraƙi. Maganar tasu tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta wanke shi a wurina ba. Malamanmu sun sharɗanta wa mai ijtihadi sanin waƙi'a kafin ya yi fatawa, ko da fatawar tasa ta hani ce. Wanda zai ce wa mutanen da ake binnewa a ƙarƙashin ɓaraguzai ba zan zo ba, mafi ƙarancin haƙƙinsu a kansa shi ne ya san sunan garinsu.

A mas'alar baƙi da ƙaura kuwa, yana magana ne a kan abin da ya sani ciki da bai, domin jiharsa tana da iyaka da Meziko mai tsawon kusan kilomita 290, kusan rabin mutanenta 'yan asalin harshen Sifaniyanci ne, kuma ƙasar kanta yankin Meziko ce har zuwa 1848, ta yadda iyalai da yawa ba su ƙetare iyaka ba, iyakar ce ta ƙetare su. A shekarar da Donald Trump yake cika filaye da alkawarin gina katanga, Johnson ya tsaya a kan cewa katanga ba ta haifar da komai sai tsani wanda ya fi ta tsawo. Shawararsa ita ce a sauƙaƙa takardar izinin aiki: duk mai son shigowa ya yi ƙwadago a binciki tarihinsa, in ba shi da laifi a ba shi takarda da lambar biyan haraji, ya shiga ta ƙofa ya fita ta ƙofa, waɗanda suke ciki ba takarda, waɗanda a lokacin aka ƙiyasta sun kai miliyan 11, su ma a ba su hanyar fitowa fili su yi rajista, ba tare da an tsallakar da su gaban masu bin layin zama 'yan ƙasa ba. Dalilinsa shi ne, mutum ba ya ratsa hamadar Arizona da jarkar ruwa a kafaɗa domin sha'awa; yana yi ne domin akwai gona ko ginin da ke jiransa a can, layin halal kuma babu shi ko ba ya motsi. Tarihi yana ba shi wani goyon baya: daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta yi wani shiri da ake kira Bracero, wanda a ƙarƙashinsa aka rubuta kwantiragin aikin gona fiye da miliyan huɗu ga 'yan Meziko, suna zuwa da kaka suna komawa, an zalunci da yawansu a albashi da masauki, wannan ba a musunsa, amma bayan an rufe shirin ba a daina zuwa ba, sai dai aka koma zuwa a ɓoye.

Bahaushe, wanda ya kafa zango daga Kumasi har Kartum, ya san wannan magana tun kafin a haifi Johnson. Na taɓa tsayawa a wata kan iyaka a lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, tsakanin Agustan 2019 da Disamban 2020, na ga manyan motoci jere cike da albasa tana ruɓewa, warinta ya cika wurin, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna jiran abin da ba su san ranarsa ba. Can gefe kuwa, ba nisa, 'yan acaɓa suna ta kurɗawa ta cikin gonakin gero da buhu bibbiyu a bayan babur, kowa ya san farashin kowace hanya. Mai takarda ya yi asara, marar takarda ya yi kasuwa. Haka kuma dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ba ta kashe sha'awar Turai a zuciyar matasa ba; abin da ta yi shi ne ta kori direbobin Agadas daga sananniyar hanya mai rijiyoyi zuwa ɓoyayyun hanyoyi inda, in mota ta lalace ko direba ya hango sintiri ya tsere, sai dai a tarar da gawarwaki.

Duk da haka akwai tambayoyi biyu da bai ba su haƙƙinsu ba. Ta farko ita ce ta talakan gida wanda baƙo zai zo ya raba aiki da shi; masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma shahararren misalinsu shi ne 'yan Kuba wajen 125,000 da suka sauka a Fulorida a 1980, inda David Card ya bincika ya ce albashin Miami bai girgiza ba, George Borjas kuma ya sake duba alƙaluman ya ce marasa ilimin boko sun ji a jikinsu. Ta biyu ita ce wadda Milton Friedman, babban malamin wannan mazhaba, ya tayar da kansa, cewa buɗe ƙofa ga kowa ba ya haɗuwa da daular da ke ciyar da kowa daga baitulmali. Johnson yakan amsa da cewa baƙin suna yin aikin da 'yan ƙasa ba sa so, kuma in sun yi rajista za su biya haraji. Amsa ce mai kyau ga ɗan kwangila mai neman leburori. Ba ta isa ba ga leburan da ke tsoron a rage masa lada, kuma wannan leburan ne ya yi zaɓe a 2016.

Batun makamashi shi ne inda na fi jin takaicinsa, domin a nan ya ga gaskiya da idonsa sannan ya kau da kai. Ya yarda duniya tana ɗumama kuma ɗan Adam yana da hannu a ciki, abin da da yawa daga tsofaffin abokansa na Rifablikan suke ƙin furtawa. Ya ƙi tallafin gwamnati ga kowane irin makamashi, ko man da ake tatsa daga masarar jihar Iowa, ko kamfanonin hasken rana irin Solyndra, wanda ya karye a 2011 bayan gwamnati ta tsaya masa lamunin dala miliyan 535. Yakan kafa hujja da cewa kasuwa ce, ba doka ba, ta durƙusar da kwal, kuma akwai gaskiya a ciki: kwal yana ba da kusan rabin lantarkin Amurka a 2005, ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar a 'yan shekarun nan, galibi domin iskar gas ta yi araha. Amma wannan labarin bai cika ba in ba a faɗi cewa fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ta kawo arahar ta ci gajiyar binciken da gwamnatin tarayya ta biya tun shekarun 1970, kuma faifan hasken rana da yanzu ake gani a kan rufin shaguna daga Kano har Damagaram bai yi arha ba sai da Jamus da Sin suka zuba masa tallafi shekara da shekaru.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne asalin aƙidar tasa da kanta. In sharaɗin 'yanci shi ne kada ka cuci wani, to mai sakin hayaƙi ko dafi a iska da ruwan jama'a ya karya sharaɗin, kuma fikihunmu ya daɗe da ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi, kamar yadda ya sanya ruwa da makiyaya da wuta a cikin abubuwan da mutane suke tarayya a kansu. Johnson bai rasa misali a gida ba: a jiharsa ne, a Church Rock, a watan Yulin 1979, madatsar dagwalon ma'adinin yuraniyom ta fashe, gurɓataccen ruwa fiye da galan miliyan 90 ya kwarara cikin kogin Puerco inda 'yan ƙabilar Navajo suke shayar da tumakinsu, mutanen Arlit, inda ake haƙar yuraniyom a Nijar, za su gane wannan labari ba tare da tafinta ba. Saboda haka ne ya ce hukumar kare muhalli tana cikin ayyukan gwamnati na halal, nan ma ya saɓa wa masu tsanani. A watan Agustan 2016 ya ƙara taku ɗaya, ya ce yana duba yiwuwar sanya kuɗi a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, domin mai ɓarna ya biya diyyar ɓarnarsa, kasuwa kuma ta nemo mafita da kanta ba tare da gwamnati ta zaɓi kamfanin da za ta fifita ba. Wannan ita ce amsar da ta dace da usulin mazhabarsa ɗari bisa ɗari. Jam'iyya ta yi ca a kansa, ba a yi kwana nawa ba ya janye. Mutumin da ya hau dutsen Everest a 2003, wanda ya jure ihun Orlando a kan lasin tuƙi, ya kasa jure shi a kan mas'alar da ta shafi damina da rani na duniya baki ɗaya.

Game da girman gwamnati ita kanta, shawarwarinsa manya ne: a takarar shugabancin ƙasa ta 2012 ya yi alkawarin rage kasafin tarayya da kashi 43 cikin ɗari a shekara guda, har da na soja, ya nemi a soke harajin albashi a maye gurbinsa da haraji guda a kan saye, tare da mayar wa kowane gida wani kaso domin kada abin ya danne matalauci, ya nemi a rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya a bar wa jihohi. Ya kuma yi kira, tun yana gwamna a 1999, a halatta tabar wiwi. A nan ba na tare da shi, domin abin da ke gusar da hankali hukuncinsa a wurinmu sananne ne, ko da yake tambayarsa game da amfanin cika kurkuku da matasa masu shaye-shaye maimakon yi musu magani tambaya ce da ta cancanci amsa. Game da haraji kuwa, mai karatun da ya yi zaman zaure ba zai ji ƙyamar haraji mai nauyi baƙuwa ce ba. Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima yadda daula take farawa da haraji kaɗan da kuɗin shiga mai yawa, ta ƙare da haraji mai yawa da kuɗin shiga kaɗan, ya kuma yi gargaɗi a kan sarki ya shiga kasuwa yana gasa da talakawansa. Shehu Usmanu ya lissafa jangali da ire-iren karɓe-karɓen sarakunan Haɓe a cikin zaluncin da ya yi inkari. Kuma sananne ne a hadisi cewa da aka nemi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina, bai yi ba. Amma Ibn Khaldun ɗin nan shi ne ya ce mutane ba sa zama tare sai da mai hana sashensu cin sashe, kuma shari'ar da ta bar farashi ga kasuwa ita ce ta naɗa muhtasibi ya duba mudu da sikeli ya hana ɓoye abinci.

Wannan rabi na biyu shi ne kujerar naƙi ba ta iya yi. Johnson ya hana ƙarin haraji a jiharsa, ya faɗaɗa manyan hanyoyi, wannan nasa ne. Amma kasafin jihar bai ragu ba a shekarunsa takwas, ƙaruwa ya yi, shirinsa na ba iyaye takardar kuɗin makaranta su kai 'ya'yansu inda suke so bai taɓa tsallake majalisa ba, domin wanda ya saba da cewa a'a bai tara abokan da za su ce masa i ba. Gidajen yarin da ya miƙa wa kamfanoni masu zaman kansu domin rage kuɗi kuwa, a cikinsu aka yi kashe-kashe, har tarzomar Agustan 1999 a gidan yarin Santa Rosa ta ci ran wani mai gadi. Tsare ɗan Adam yana cikin 'yan ayyukan da ko masu wannan mazhaba suka yarda na hukuma ne, kuma shi ne ya bayar da shi kwangila. Sannan duk lissafinsa ya ginu ne a kan abin da ya tarar an riga an gina: kotun da ke hukunta mai karya alkawari, ɗan sandan da ke zuwa in an kira, rajistar filaye da ba a sauya ta da dare. Wanda yake zaune a inda manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa ya san cewa janyewar hukuma ba 'yanci take bari a bayanta ba, wani mai karɓar haraji take bari, wanda ba a zaɓe shi ba kuma ba a ƙara a gabansa. Ko cire tallafin man fetur da aka yi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, wanda a takarda ya dace da ra'ayin Johnson sarai, ya nuna cewa daidaiton ƙa'ida ba ya isa in babu amintacciyar hukumar da za ta mayar wa talaka abin da aka tara, a asibiti ko a motar haya, bayan farashin lita ya ninka kusan sau uku a cikin 'yan kwanaki.

A zaɓen Nuwamban 2016, shi da mataimakinsa William Weld, tsohon gwamnan Massachusetts, sun sami ƙuri'a kusan miliyan huɗu da rabi, wato kashi uku da ɗoriya cikin ɗari, mafi yawan da jam'iyyar ta taɓa samu, ko da yake bai kai kashi 15 da ake bukata a ƙididdigar jin ra'ayi ba kafin a gayyace shi muhawara da manyan 'yan takara biyu. Ya nemi kujerar sanata a jiharsa a 2018 ya zo na uku. A taron jam'iyyar na 2022 a birnin Reno, ɓangaren masu tsanani, magadan waɗanda suka yi masa ihu a Orlando, suka karɓe shugabancinta, kuma a zaɓen 2024 ɗan takararta bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Izinin yaƙin nan na Satumban 2001 da ya nemi a mayar wa majalisa da ikonta a kansa yana nan ba a soke shi ba, takardar izinin aiki mai sauƙi da ya yi ta roƙo ba a samar da ita ba, kuma har yanzu masu sintiri suna tsintar gawarwakin masu neman aiki a hamadar da ke kudancin jiharsa.